Ashe Girkin Otal Makaranta Ce Mai Zaman Kanta!

Jama'a, ku matso ku ji abin da idona ya gane mini a bayan ƙofar kicin ɗin wani babban otal a Kano! Tun da na fara koyon aikin kuku bakina bai rufu ba, don kullum sai na dawo gida da sabon abin mamaki. Wanda ya zauna a ɗakin cin abinci, aka kawo masa faranti yana tururi, wallahi bai san irin ilimin da aka zuba a cikinsa ba.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne tsari. Kowa da wurinsa, kowa da aikinsa: ga mai miya, ga mai gashi, ga mai kifi, ga mai burodi da kek, a samansu ga mataimakin babban kuku, sannan shi uban tafiyar. Da na tambayi asalin wannan, sai aka ba ni labarin Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya yi girki a rundunar sojan ƙasarsa a yaƙin 1870, ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan a 1890, ya raba aikin girki sashe-sashe. Littafinsa na 1903 har yau makarantun girki na aiki da shi. Ikon Allah, tsarin da aka shimfiɗa a Landan ne muke bi a tsakiyar Kano!

Ɗan koyo ba ya farawa da wuta. Daga wuƙa yake farawa. Babban kukunmu, dattijo mai furfura wanda duk muke kira Baba, ya dire mini buhun albasa, ya kama hannuna na hagu ya lanƙwashe mini yatsu ciki, ya jingina gefen wuƙar da gaɓoɓinsu. Ya ce, "Ɗana, bar saiwar, ita ke riƙe maka albasar. Kuma kowane yanka ya zama daidai da ɗan'uwansa, in ba haka ba ƙarami ya ƙone, babba yana ɗanye." Nan take na gane cewa yankan bai-ɗaya ba ado ba ne, shi ke sa abinci ya nuna tare.

Sai tsafta, wadda a nan lissafi ce. Katakon yanka ja na ɗanyen nama ne, shuɗi na kifi, kore na ganye, ba a haɗa su ko da wasa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60, shi ya sa firji ke zama ƙasa da 5, firiza a 18 ƙasa da sifili. Kaza ba ta fita sai an soka mata ma'aunin zafi ya nuna 75. Kowane mazubi da takardar kwanan wata a jikinsa, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. In aka ɗauke wuta kuwa, kafin janareto ya tashi Baba ya isa ƙofar ɗakin sanyi yana gargaɗin kada kowa ya buɗe.

Ranar da aka koya mini farar miyar Faransawa, daɗi kamar ya kashe ni. Bota da fulawa daidai wa daida a kan wuta kaɗan, sai a riƙa tsiyaya madara ana kaɗawa ba tsayawa, kamar yadda iyayenmu ke burga kuka don kada ta yi gudaji. Romo kuwa da ruwan sanyi ake ɗora ƙashin, a kwashe kumfar da ta taso, a bar shi yana ɗan motsi na sa'o'i, don in ya tafasa da ƙarfi sai ya gurɓace.

Amma ku zo ku ga ƙarfe bakwai na dare! Oda na shigowa, mataimakin Baba na karantawa da ƙarfi, muna amsawa baki ɗaya, "To, Oga!" Kasko na ƙara, wuta na tashi, mai ɗauke da tukunya na ihun "Zafi a bayanka!" Babu mai neman cokali ko gishiri, tun da rana an jera komai a inda hannu zai kai. Baba na tsaye a bakin kanta, yana goge gefen kowane faranti kafin ya sallame shi. Ƙafa na zogi, riga ta jiƙe sharkaf, amma zuciya fari ƙal. A watan azumi ma haka muke yi, abokin aikinmu Kirista ne ke ɗanɗana mana gishiri har a sha ruwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarancin 'ya'yan Hausawa a wannan fage, saboda wasu na ganin namiji da tukunya abin kunya ne. Alhali mu ne masu tsire da kilishi da balangu da duk Najeriya ke yabo! Ana koyar da wannan sana'a a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya, otal-otal kuma na karɓar 'yan koyo. Iyaye, in yaronku ko yarinyarku na son girki, ku sa musu albarka su je su koya. Matasa, ku cire girman kai ku ɗaura gyauton aiki, sana'a ce ta halal mai rufin asiri.