Tsakanin Kara da Tsoron Bakin Mutane

Kiristoci ba su taɓa yawa a Safana da Batsari ba. A shekarun 1970 da 1980, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar malaman makaranta ne, da malaman asibiti, da 'yan sanda, da 'yan kudu masu shagon magani, sai 'yan gidaje na Hausawa waɗanda asalinsu Maguzawa ne daga wajen Malumfashi, Kafur ko Matazu, aiki ya kawo su. Gidanmu na cikin waɗannan na ƙarshe, mahaifina malamin asibiti ne. Safana da Batsari ƙasa ce ta Yariman Katsina da Sarkin Ruma, ƙasar noma da kiwo a bakin dajin Rugu, inda abin da ka yi da hantsi kafin la'asar ya kai majalisar ƙofar gidan mai unguwa. A irin wannan wuri ba wanda ya isa ya ce bai damu da abin da mutane za su ce ba, balle wanda addininsa ya fita dabam da na gari. Iyayenmu sun damu ƙwarai. Sai dai sun san inda damuwar ta tsaya, kuma sanin nan shi ne nake ganin ya fara kuɓuce mana.

Ba daga sama suka samo shi ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, shugabansu Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addininsu ba, saboda haka 'yan mishan suka daɗe a bakin ƙofa. Mishan ɗin SIM ba ta sami zama sosai a ƙasar Katsina ba sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma ta hanyar jinyar kutare ta shigo, a Babbar Ruga, nan kan hanyar Katsina zuwa Batsari. Ko a lokacin ma an gindaya musu sharuɗɗa, ba wa'azi a kasuwa, ba wa'azi kusa da masallaci. Waɗanda suka fara karɓar bishara a wannan yanki, da yawansu majinyata ne da masu wanke musu gyambo, mutanen da suka koyi cewa hannu yana isa inda baki bai isa ba. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, amma tarbiyyar ƙasa da murya ta riga ta shiga jinin mutanen.

Ga yadda abin yake a aikace. Ranar jajiberin Kirsimeti mahaifina ba ya yanka akuyarsa da hannunsa. Yakan aike ni in kira maƙwabcinmu, wani dattijo mai koyar da almajirai, in durƙusa in ce, "Allah gafarta Malam, Baba yana gaisuwa, ya ce don Allah a taimaka a zo a yi mana yanka." Dalili ɗaya ne: a iya kai kwanon shinkafa da nama kowane gida, a ci ba tare da wani ya tsaya yana wasiwasi ba. Da watan azumi ba ma cin ko gyaɗa a waje, kuma innarmu takan ja girkin rana zuwa can ƙuryar gida. Ba ta fita sai da gyale. In an kira salla ana cikin waƙa a 'yar majami'armu, mai ganga yakan sassauta hannu har a idar. In an yi rasuwa a unguwa, mazanmu na cikin masu haƙan kabari, su koma gefe lokacin sallar gawa, su dawo su zauna zaman makoki kwana uku kamar kowa. Gaban hakimi kuwa a tuɓe takalmi, a faɗi, a ce ranka ya daɗe. Da babbar salla naman layya yakan cika mana kwanuka har sai an soya an ajiye.

Duk wannan kara ce, kuma ba ta da iyaka a wurinsu sai a 'yan abubuwa ƙalilan. A waɗannan kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba sa motsi. Lokacin da ƙanwata ta daɗe tana fama da zazzaɓi, matan unguwa, cikin ƙauna tsantsa, suka kawo laya a ɗaura mata. Innarmu ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce, "Yaya, Allah Ya bar zumunci, amma kin san mu ba ma ɗaurawa," ta mayar a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta. Ba ta jefar ba, ba ta yi wa'azi a kai ba, ba ta kuma ɓoye ta a ƙarƙashin matashi don a ce ta yi amfani da ita ba. Malam ɗin da ke mana yanka ya sha ce wa mahaifina, "Malam, mutumin kirki irinka, me ya rage maka in ban da kalmar shahada?" Shi kuma ya ce, "Allah gafarta Malam, na san don kana ƙaunata ka faɗa. Ni dai Almasihu nake bi." Daga nan su koma maganar damina. Ban taɓa jin ya ce "sai a hankali" ko "muna nan muna tunani" ba, irin amsar da ke sa mai tambaya ya tafi da tsammani. A ganinsa wannan ƙarya ce, kuma raini ne ga dattijon. Haka a wurin aiki: mai kuɗi ko ɗan gidan sarauta ya zo yana so a tsallake da shi layi, za a ba shi kujera, a gaishe shi da sarautar gidansu, amma Bafulatanar da ta taso tun asuba daga rugar bayan Runka ita za a fara gani.

Da na girma na gane ba dabarar zaman duniya kawai suke yi ba, karatu ne suke bi. Manzo Bulus, wanda ya gaya wa Galatiyawa cewa mai neman yardar mutane ba zai zama bawan Almasihu ba, shi ne kuma ya gaya wa Korantiyawa cewa gara ya bar cin nama har abada da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Masu wa'azinmu na da, waɗanda iliminsu bai wuce makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ba, ba su ga saɓani a nan ba, domin maganar naman Koranti maganar gidajensu ce. Bamagujen da ya tuba yana nan cikin gandun ubansa, ga lokacin da za a yi wa iskokin gida yanka kafin shuka, ga tukunyar giya, ga uba yana kallo. Zai ci? Zai tashi ya bar gidan? Abin da dattawa suka koyar shi ne, ka yi noman gandu fiye da kowa, ka durƙusa wa ubanka, ka ɗauke masa kaya, amma kada ka sa hannu a yankan. Sukan kuma kawo labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya da ya warke daga kuturta, wanda ya nemi uzuri wurin annabi Elisha saboda aikinsa zai sa ya riƙa raka maigidansa ɗakin gunki, annabin kuma ya sallame shi lafiya. Mutanen da addininsu ya shigo ta asibitin kutare ba sa jin wannan labari kamar na baƙo.

Akwai masu cewa duk wannan tsoro ne aka yi wa kwalliya, wai wanda ba shi da yawa dole ya yi ladabi. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Na san waɗanda suka riƙa saka Littafinsu a cikin buhu in za su majami'a, da waɗanda in an zagi addininsu a gabansu sai su taya dariya. Na san 'yan matan da aka hana su faɗin cin zarafin da aka yi musu, wai kada a ɓata zaman unguwa, kuma wannan zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Amma ana iya bambance biyun. Mai tsoro halinsa yana canzawa gwargwadon wanda ke kallo, a gaban Malam launi ɗaya, a gaban fasto wani. Mai kara kuwa abin da ya yi a zauren maƙwabci zai iya maimaita shi a gaban dattawan ikilisiya, ko da za su yi masa ca.

Kuma sun yi. Wannan ne ɓangaren da ba mu cika faɗa ba: bakin 'yan majami'a ya fi na maƙwabta zafi. Akwai waɗanda suka ce kiran Malam ya yi yanka amincewa ne cewa yankanmu mushe ne. Wasu suka ce zuwa sunan Musulmi raunin bangaskiya ne. Da mahaifina mai neman yabo ne, da wannan sukar ce za ta fara karya shi, don daga 'yan'uwansa ta fito. Yakan tuna musu da Bitrus a Antakiya, wanda yake cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, sai da baƙi suka zo daga wurin Yakubu ya janye jikinsa don tsoronsu, har Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Tsoron da ya kama Bitrus ba na bare ba ne, na mutanen gidansa ne.

Abubuwa sun juya a hankali. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya watsu har Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u, kuma tun daga nan kowane ɓangare ya fara ƙirga abin da aka yi masa. Shari'a ta zo jihar a 2000, da fargabarta da gardamarta. Lasifika ta hau kan masallaci, ta hau kan majami'a, kaset ɗin wa'azin raddi ya cika kasuwa, daga baya Facebook ya zo ya ɗora. Matashin Kirista na yau in zai yi magana a kan addini, ba tsohon da ke zaune a ƙofar gida yake tunani ba, mutane dubu ne da bai taɓa gani ba, waɗanda za su yaba masa in ya yi zafi. Yana jin kansa jarumi, alhali yardar mutane yake bi fiye da yadda kakansa ya taɓa bi. Abin yana ba ni tausayi fiye da haushi, domin da yawansu ba su taɓa samun maƙwabcin da za su koyi kara a kansa ba, an riga an raba unguwanni.

A Safana da Batsari kuma wata masifar ce ta zo ta shafe sauran. 'Yan bindigar dajin Rugu ba sa tambayar addini. Ƙauyuka sun watse, a 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomin biyu da wasu maƙwabtansu, ma'aikata da yawa suka kwashe iyalansu zuwa Katsina da Dutsin-Ma. Irin zaman da na bayyana yana buƙatar shekaru ana gaisawa kullum safiya, ga shi mutanen da za su gaisa ɗin sun warwatsu.

A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na farko. Hausawa Kiristoci sun yi murna, har waɗanda ba Katolika ba, domin an daɗe ana tambayarsu yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista. Yanzu muna da murya fiye da ta iyayenmu, muna da masu ilimi, muna iya kai ƙara in an hana mu filin gini ko gurbin karatu, kuma ya kamata mu kai. Amma har yau in Disamba ta kama, gardamar yankan Kirsimeti takan taso a taron matasa, fastoci su rabu biyu. Ni ina bayan iyayenmu. Nakan tambayi mai adawa ko akwai gida ɗaya na Musulmi da zai kai wa kwano bana, kuma sau da yawa amsar ita ce babu.