Shekarun gida da shekarun ƙwallo

A zangonninmu yau, yaron da ke taka leda lissafin shekarunsa iri biyu ne: na gida, wanda uwarsa ta sani, da na ƙwallo, wanda aka rubuta a takarda. Har raha ake yi da abin a majalisa. Ni dai ba ya ba ni dariya. Shekara talatin ke nan ina awon hatsi a kasuwa, na san tauye mudu in na gan shi.

Abin ba sabo ba ne. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara 2 daga wasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, har ta rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 aka fara ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17. Ƙashin wurin yana da wata gaɓa da ba ta haɗewa sai girma ya kusa tsayawa. In ta haɗe gaba ɗaya, an sallami yaro. A Kamaru ma, ƙarƙashin shugabancin Samuel Eto'o, yara 21 cikin 30 suka faɗi wannan gwaji.

To amma wa ke kai MRI filin unguwa? Can ne ɓarnar take. Bara wani maƙwabcina ya same ni a rumfa, wai in sa hannu a matsayin shaida a takardar rantsuwa, ɗansa mai shekara 19 ya koma 15 don a ɗauke shi wata makarantar ƙwallo. Na ce masa: "Alhaji, ni fa na ci tuwon sunan yaron nan, yaya zan rantse?" Ya ce kowa haka yake yi. Ya ɗauke mini gaisuwa har wata biyu.

Na fahimce shi, wallahi. Kasuwa ta yi nauyi, kowa na fatan ɗansa ya tsallaka Turai ya ɗauke masa ɗawainiya. Sai dai gurbin da ake nema na wani yaro ne mai shekara 15 na gaskiya, wanda za a zaunar a benci a ce ba shi da ƙarfi, ko wani gardi ya karya masa ƙafa. Shi kuma wanda aka rage wa shekaru, ƙarfi ya nuna kawai; ranar da ya haɗu da tsararrakinsa, sai a ji shiru.

Akwai kuma namu sakacin, mu matafiya. Ana haifa mana yara a Kumasi, Garwa ko Kwatano, a yanka rago, ba a je an yi rajista ba. Yaro ya girma da saurin tsawo, a zarge shi, ba shi da abin nunawa. Takardun haihuwar 'ya'yana shida suna cikin akwatin ƙarfe ɗaya da rasitan shagona.