Wa Zai Nuna Wa Ɗaliban Dapchi Hanya?

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganina, makomar ɗalibi na farawa ne ranar da ya gama ƙaramar sakandare, aka ce ya zaɓi ɓangaren kimiyya ko adabi ko kasuwanci.

Mu da muka tashi a Dapchi, likita da malami da soja kaɗai muka sani. Ƙanwata ta so karanta aikin jinya, sai wajen cike fom ɗin JAMB ta ji cewa dole sai da Fiziks. Ba ta taɓa yin sa ba. Yau tana gida.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malaman ba da shawara. Kafin su wadata, ga Asibitin Tarayya na Nguru, ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Me zai hana ma'aikatansu ziyartar 'yan aji uku kowane zango, su bayyana musu darussan da kowane aiki ke buƙata?

Iyayen da suka daure suka mayar da 'ya'yansu makaranta bayan sace 'yan mata 110 a 2018 sun cancanci ganin amfanin karatun. Allah ya sa a ji.