Ambulan ɗin Kawu da Na Jiƙa a Ruwa

Akwai wata irin ambulan da ba don aika wasiƙa ake yin ta ba. Ranar da gidan waya ya fitar da sabon tambur, wato kan sarki, sai a manna shi a kan ambulan mai zane na musamman, a buga masa hatimin wannan rana. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci za ka ga an rubuta "Premier Jour" a jiki. Masu tara wannan kaya sukan bi wanda ya zana hoton, ko wanda ya sassaƙa shi, har ya sa musu hannu. Darajar tana cikin haɗuwar abubuwan nan: ambulan, hatimi da sa hannu. Tambur shi kaɗai kowa yana iya samu.

Ni duk ban san haka ba lokacin da nake ɗan makaranta. Kawuna tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, ya koyar a garuruwa da dama kafin ya dawo gida Icirnawa. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardu. Da ya ga ina son tambur, ina ɓanɓarowa daga wasiƙun da ake kawowa daga Matamai, sai ya ɗauko wasu ambulan ya ba ni, ya ce, "Riƙe da kyau, ɗana." Farare ne ƙal, babu adireshin kowa. Akwai masu hoton namun dajin Nijar, har da raƙumin dawa, irin waɗanda aka fara fitarwa a 1959. Ɗaya tana da wani rubutu da shuɗin tawada a ƙasa, a karkace.

Na ɗauka ƙazanta ce wani ya yi. Na zuba ruwa a kwano, na tsoma su, na zauna ina kallon gam yana saki, tawadar nan tana narkewa tana bin ruwa. Na shanya tambur ɗin a kan tabarma, takardun kuwa na watsar a bayan danga. Da yamma na kai wa Kawu littafina ina murna. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ina rigunansu?" Bai ƙara ko kalma ba.

Sai da na girma, a Damagaram, wani mai tara tambur ya miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce in duba gindin hoto. Nan na ga ƙananan haruffa, sunan mutum. Ashe kowane tambur yana da mai shi. Yawancin na Nijar na wancan zamani a Faransa aka buga su, kuma masu sassaƙa ne suka zauna da ɗan tsinken ƙarfe suna karta hoton a kan faranti, layi bayan layi, a juye, domin in an buga ya fito daidai. Cikinsu akwai Pierre Gandon, wanda ya rasu a 1990, ya yi wa Faransa da ƙasashen Afirka tambur masu yawa. Tun a 1926, shekarar da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, an fitar da tambur masu hoton rijiya, da kwalekwale a kogin Kwara, da ganuwar sojan Damagaram. Mu da muke iya gane hannun mai sassaƙar ƙwarya a kasuwa, bai kamata a ce hannun mai sassaƙar tambur ya wuce mu ba.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin da ambulan ɗin za ta yi ba ne. Wani mutum ya sa sunansa da hannunsa a kan aikinsa, takardar ta yi doguwar tafiya har ta iso Icirnawa, Kawu ya kare ta daga gara da laimar damina shekara da shekaru, ni kuma na wanke ta cikin hantsi ɗaya. Laifina shi ne ban tambaya ba, alhali mai amsar yana zaune a zaure. Na ga abin da ban gane ba, sai na yanke cewa ba shi da amfani.

Kawu ya rasu. Akwatin yana hannuna yanzu, da sauran ambulan da bai ba ni ba a wancan lokaci. Na sa takarda tsakanin kowace biyu, na ɗora shi a kan benci nesa da bango, kuma duk yaron gidan da ya zo dubawa sai ya wanke hannu ya goge tukuna.