Daga Bompai zuwa Gwaram: Sawun Iyayenmu

A jajibirin Sallah motar Birnin Kudu ba ta daɗewa ba ta cika ba. Galibin fasinjojin irinmu ne: a Kano aka haife mu, a Dakata ko Tudun Murtala, amma in aka tambaye mu gida sai mu ce Birnin Kudu ko Gwaram. Da an haye gadar Wudil hira take sauyawa, kowa ya fara lissafin gidajen da zai shiga gaisuwa.

Cin rani ne ya fara kai iyayenmu birni. Ana gama girbi a tafi, damina ta faɗi a dawo. Da masana'antun Bompai suka bunƙasa, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo, sai cin rani ya zama zama. Wani yana masaƙa, wani kamfanin alewa, wani matsar gyaɗa, wani kuma jima. Mun tashi da ƙarar jiniyar sauyin aiki, da jerin kekuna da sassafe, da warin fata da ba ya barin rigar Baffa komai wanki. Ranar albashi ce kawai ake ganin nama biyu a miya, kuma ko a ranar sai an ware na taki da za a aika gida.

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara ja da baya. Rashin wuta da shigowar yadin waje suka ƙarasa masaƙu da dama. Wasu iyayen suka koma gona, wasu suka maƙale a birni da 'yar tireda.

Fatar da suka jeme, da yawanta Italiya take tafiya, a mai da ita takalma da jakunkuna. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne su ma Italiyawan sun yi nasu cin ranin a ƙasar nan. Daga Roasio, wani ɗan ƙaramin gari a arewacin Italiya, magina suka riƙa zuwa Najeriya da Gana neman abin kai, har biyu daga cikin Italiyawan suka kafa kamfanin Cappa and D'Alberto a 1932. Yau a Roasio akwai gidan tarihi na waɗanda suka yi ƙaura, inda aka adana hotunansu da takardunsu don jikoki.

Mu namu fa? Babu fasfo, babu jirgin ruwa, kuma har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa duk jiha ɗaya ce. Shi ya sa ba wanda ya ɗauki tafiyar tasu a matsayin ƙaura, balle ya rubuta. A Birnin Kudu ana kai ɗalibai Dutsen Habude da Dutsen Mesa su ga zanen shanun da mutanen da suka bari, kuma hakan daidai ne. Amma tambayi ɗalibin shekarar da kakansa ya fara aiki a Bompai, ka ga ya yi shiru. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, don a cikin labarin nan ake gane gonar wa aka sayar don kuɗin mota, da wa ya riƙe gida shekara ashirin.

A Gwaram, bayan mun dawo daga kasuwar Sara, Gwaggo ta jawo wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai katin shaidar aikin marigayi mijinta, da takardun albashi uku da suka yi ja, da hotonsa a kan keke.

“Gwaggo, wane kamfani ne wannan?”

“Ku da kuka yi boko ku karanta mana. Ni dai na san ranar Juma'a yake dawowa da sabulu.”

Sunan kamfanin ya goge, lambar ma'aikaci ce kawai ta rage.