Ido Ba Mudu Ba: Ɗanmu da ke Son Zama Alƙalin Karnuka

Ranar da ɗan ƙanwarmu ya faɗi abin da ke ransa, muna zaune ne a rumfar mahaifiyarsa a kasuwar Race Course, bayan la'asar, ana ware albasar da ta fara ruɓewa daga cikin buhu. Dawowarsa ke nan daga Ankara, ƙurar hanya ma ba ta bar jikinsa ba. Ya gaishe mu, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Kawu, ni fa na ga aikin da zan yi. Alƙalin karnuka nake so in zama."

Mai tattasai ta rumfar kusa ta yi dariya har da hawaye, tana tambaya ko karnukan ne za su riƙa kawo ƙara. Mahaifiyarsa kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ajiye albasar da ke hannunta ta ce, "Yaya, ka dai ji ɗanka."

Mun ji shi, kuma mun san inda maganar ta samo asali. Da yaron ya gama sakandare ya yi shekara biyu yana neman aiki, daga bisani wani attajiri a Ahodwo ya ɗauke shi kula da karnukan gadinsa, irin manyan nan na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel. Shekara uku ke nan yana wanke su, yana ciyar da su, yana kwana a kansu idan za su haihu. Duk tsawon wannan lokaci, in an tambayi uwar aikin ɗanta, sai ta ce gadi yake yi. Ba mu ga laifinta ba. Kowa ya san matsayin kare a Zango: daga Aboabo har Sabon Zango jifa ce gaisuwarsa, sunansa kuma zagi ne. Malamanmu na Malikiyya sun sha faɗa cewa a mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a ajiye shi don farauta ko tsaron gona da dabbobi, amma a wannan batu al'ada ta fi littafi ƙarfin murya. Abin da ke cin ran uwar ɗaya ne: wane gida za a shiga neman aure a ce ango yaron karnuka ne?

To, maigidan nasa ne ya tafi da shi wata gasar karnuka a Ankara don ya riƙe masa kare a fili. A can ya ga wani dattijo da aka ɗauko daga Turai, tsaye a tsakiyar fili, ba ya ɗaga murya, amma kowa shi yake kallo. Yaron ya kwatanta mana aikin mutumin har da tashi tsaye. Da fari zai ja baya ya dubi karen gaba ɗaya. Sai ya matso, ya buɗe baki ya ga yadda haƙoran sama suka hau na ƙasa, ya shafa kafaɗa, ya bi gadon baya da tafin hannu, ya taɓa ƙirji da cinya, in namiji ne ya tabbatar marainansa biyu sun sauko. Sannan ya sa a gudu da karen, ya je ya dawo, ya kewaya fili, don tafiya ba ta ɓoye aibin ƙashi. Duk wannan cikin kamar minti biyu. Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne, ƙaton karen maigidansa, wanda kowa ke tsoro, na huɗu ya zo, wani matsakaici ya cinye. Da aka karanta masa bayanin alƙalin, sai ga shi an rubuta cewa ƙafafun baya suna haɗuwa a gwiwa idan yana tafiya. Ya ce, "Kawu, wallahi shekara uku ina ganin wannan tafiyar, na san da wani abu, amma ban san sunansa ba."

Wannan magana ita ta hana mu yin dariya tare da mai tattasai. Muka ce ya kawo mana duk abin da ya tara a wayarsa mu duba, mu ga ko hanya ce ko daji.

Hanya ce, sai dai doguwa. Turawa sun fara irin wannan gasa a Newcastle ta Ingila a 1859, da karnukan farauta iri biyu kacal, kuma tun ranar aka fara tsegumi, domin mai karen da ya ci a rukuni ɗaya shi ne ya yi alƙalanci a ɗaya rukunin, haka ma ɗan'uwansa. Irin wannan ne ya sa aka ga sai da doka. A 1873 aka kafa Kennel Club, a 1891 aka fara gasar Crufts wadda har yau ake yi duk shekara a Birmingham, a 1911 kuma aka kafa ƙungiyar duniya ta FCI mai mazauni a Beljiyam. Kowane irin kare yana da rubutaccen ma'auni: tsayinsa, siffar kansa, zaman kunnensa, launinsa, halinsa, tafiyarsa. Alƙali ba ya auna kare da kare. Kowanne yana auna shi ne da wannan takarda, wanda ya fi kusa da ita shi ne zakara.

Kafin a ba mutum wannan iko kuwa, sai ya sha wuya. A Ingila matakai shida ne. Matakin farko ma sai ka nuna shaidar shekara biyar kana hulɗa da karnuka masu takardar asali, ka halarci darussa kan dokokin gasa da ginin jikin kare, ka yi hidimar fili, wato ka zama yaron alƙali mai kiran lamba da rubuta sakamako. Daga nan sai jarrabawa, sai zama da ƙwararrun irin karen da ka zaɓa su koya maka, sai a sa ka yanke hukunci wani na gefe yana lura da kai. Sai a mataki na huɗu ake yarda ka ba da shaidar da ke mai da kare zakara, kuma a iri ɗaya tak. In kana son wani iri, sai ka sake komawa ɗalibi. A Amurka ƙa'idar ta fi tsanani: shekara 12 cikin harkar, ka raini haihuwa 5 a gidanka, ka fitar da zakaru 4, sannan ka nemi a gwada ka. Muka dubi yaron, shekararsa 24, ko ɗan kwikwiyo nasa na kansa ba shi da shi.

Muna cikin karatun nan sai wani abu ya faɗo mana. Ai mun san wannan aiki. Mun tashi muna ganinsa, sunansa ne kawai daban.

Akwai wani tsohon dillalin dabbobi, abokin mahaifinmu, wanda duk Babbar Salla ba ma sayen rago sai da shi. Ku tuna yadda irinsu ke yi idan motocin raguna suka sauko daga Burkina da Nijar. Zai tsaya nesa ya ƙare wa rago kallo. Zai matso ya buɗe baki: in haƙoran nono ne duka, ɗan shekara bai cika ba, in manya biyu sun fito, ya haura shekara, in takwas sun cika, ya kai huɗu ko ya wuce. Zai danna gadon baya ya ji nama ne ko kumburin dusa da gishiri, ya duba ido, ya duba kofato, ya ce a kora shi ya ga tafiya. Ya san Balami da fari tas da hanci mai lanƙwasa, ya san Uda da rabin gaba baƙi ko ja, rabin baya fari, ya san wanda aka gauraya. Ma'auninsa ma rubutacce ne, domin babin layya a Risala ya lissafa abin da ba ya isarwa: mai ido ɗaya, gurgu, mara lafiya, ramamme. Shi ma bai fara da yanke hukunci ba. Shekaru ya yi yana riƙe igiya a bayan ubangidansa, bakinsa a rufe. Haka kakanninmu fataken Gwanja suka koyi goro a nan ƙasar Tonawa, har mutum ya ɗaga ganyen huhu ya gaya maka marsa ne ko minu, sabo ne ko daushe, zai kai Kano ko zai lalace a hanya. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Filin nan ma da muke sayar da albasa a kansa, wanda aka kwaso 'yan kasuwa da yawa zuwa cikinsa lokacin da aka tashi tsohuwar Kejetia a 2015, sunansa na nuna cewa filin sukuwa ne a da, inda ake auna doki da ido kafin a auna shi da gudu.

Bambancin shi ne, su sun rubuta nasu, sun yi masa matakai da jarrabawa da hatimi, mu kuma namu yana cikin kan tsofaffi, yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya. Kuma wanda ya rubuta shi ke da iko. Ga misalin da ya tsaya mana a rai. A cikin karnukan da FCI ta amince da su akwai Azawakh, dogon siririn karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Mali da Nijar, arewa da Tawa. Ba baƙo ba ne ga duk wanda kakansa ya fito daga Adar. An kai shi Turai a shekarun 1970, kuma yau Faransa ce ke riƙe da ma'auninsa. Takardar ta ce namiji ya kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, ƙasusuwa su nuna ta ƙarƙashin fata. Ta kuma taƙaita launinsa ga ruwan ƙasa zuwa ja, da ɗan fari a ƙafa da ƙirji da bakin wutsiya, alhali a rugagen da ya fito akwai launuka fiye da haka. Amurkawa, da suka karɓe shi cikakke a 2019, sun bar launi a buɗe. Ke nan kare zai iya fitowa daga tsakiyar Azawak, ya kamo zomo da barewa tun yana ƙarami, ya je Turai a ce launinsa bai dace da Azawakh ba. Makiyayin da ya raine shi ba shi da kujera a inda ake wannan magana.

Kada a ɗauka muna cewa takarda ba ta kuskure a wajen masu ita. Alƙalan Turai sun daɗe suna ba da kambu ga karnuka masu shafaffen hanci da masu lanƙwasasshen baya, masu kiwo kuma suka bi abin da ke ci, har aka wayi gari wasu irin ba sa iya numfashi da kyau. A 2008 BBC ta nuna wani shiri da ya tona wannan, ta daina haska Crufts, Kennel Club ta sake duba ma'aunanta. A 2012 likitocin dabbobi suka hana wasu zakaru ci gaba a gasar saboda rashin lafiya. Hannun alƙali yana da nauyi: abin da ya nuna da yatsa yau, shi za a haifa gobe. Tsohon dillalinmu ba zai taɓa zaɓar ragon da ba ya iya tafiya ba, komai kyan ƙahonsa, domin shi idonsa bai taɓa rabuwa da amfanin dabba ba. Senegal ta gane haka, ta mai da gasar ragunan Ladoum shirin talabijin mai suna Khar Bii, da alƙalai da likitoci da ma'auni.

Sai muka ɗauki yaron muka kai shi wajen tsohon. Muna tsoron ya kore mu, don mutum ne mai tsantseni, liman ma yakan ba shi salla. Ya saurari labarin har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce wa yaron, "Kai, da ka taɓa karen, idonka a buɗe ko a rufe?" Yaron ya ce a buɗe, Baba. Ya ce, "To ba ka fara ba. Hannu shi ke gani." Ya juyo gare mu ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, shi dai bai san karnukan Turawa ba, amma ƙashi ƙashi ne, kuma 'ya'yansa duk sun tafi Italiya da Amurka, babu wanda ya tsaya ya karɓi abin da ke hannunsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada yaron ya taɓa karɓar ko sidi ɗaya daga mai dabbar da zai duba, domin shi ya ga dillalai da yawa da la'ada ta makantar.

Babbar Sallar da ta wuce, kwana goma yaron ya yi a bayansa yana riƙe igiya. Ya sayi littafin rubutu, duk abin da tsohon ya faɗa sai ya rubuta da Hausa a shafin dama, ya nemo sunan gaɓar da Turanci ya sa a hagu. Ya koma Ankara sau ɗaya, an bar shi ya yi hidimar fili, yini guda yana kiran lamba cikin rana ba a biya shi komai ba. Maigidansa ya yi masa alkawarin 'yar kwikwiya a haihuwa mai zuwa, amma a Ahodwo za ta zauna, don uwar ta ce ba dai a gidanta ba.

Har yanzu bokitin wankinsa daban ne, kuma sai ya sauya riga a zaure kafin ya shiga ɗakinta. Sai dai a bana shi ta aika ya zaɓo mata ragon layya. Ya dawo da wani Uda matsakaici, mai tattasai ta ce ai na kusa da shi ya fi girma a kuɗi ɗaya. Uwar ta ce, "Ya ce wancan ɗin yana ɗingishi da ƙafar hagu," ta ci gaba da auna albasarta.