Holmes Ɗin da Muka Sani

Duk wanda ya yi makarantar kwana a zamanin da littattafan James Hadley Chase da na Pacesetters ke yawo hannu-hannu, da wuya a ce bai ci karo da Sherlock Holmes ba. Mu a laburaren makaranta muka same shi, cikin 'yan littattafan nan da aka sauƙaƙa Turancinsu saboda ɗalibai, bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi. Idan aka kashe wutar ɗakin kwana, sai a shige bargo da tocila, na gefe yana ta zunguri wai a yi sauri a ba shi.

Labarin da ya fara kama ni shi ne na ƙungiyar masu jan gashi. Wani mai shagon jingina ne, Jabez Wilson, ake biyansa fam 4 duk mako don kawai ya zauna a wani ofis yana kwafar kundin Britannica. Holmes ya je ƙofar shagon, ya bubbuga ƙasa da sandarsa, ya dubi gwiwar wandon yaron shagon, shi ke nan ya gane rami ake haƙawa zuwa bankin da ke baya. Daga ranar muka shiga kwaikwayonsa. Mu dubi jar laka a takalmin malami mu ce ta bayan gonar makaranta ya biyo, mu ga tawada a yatsan abokinmu mu ce wasiƙa ya kwana yana rubutawa. Abin da mutumin nan na gida mai lamba 221B a Titin Baker ya dasa mana shi ne yarda cewa komai ruɗewar al'amari, mai haƙuri da lura zai gano bakin zaren.

Sai da muka girma muka san cewa bayan Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro shi, akwai waɗanda suka ɗauki alƙalami suka juya Holmes yadda suka ga dama. A 1974 Nicholas Meyer ya fitar da The Seven-Per-Cent Solution, inda hodar iblis ta ci ƙarfin Holmes har amininsa Dakta Watson ya yi masa dabara ya kai shi Biyana wurin Sigmund Freud neman magani. A littafin an nuna cewa Farfesa Moriarty, wanda muke ɗauka uban 'yan ta'adda, tsohon malamin lissafinsa ne na ƙuruciya. Littafin ya samu karɓuwa sosai, har aka yi fim ɗinsa a 1976. Na karanta shi da tausayi, domin Watson bai saki amininsa ba, kuma Holmes ya warke ya koma kan aikinsa.

Wanda ya girgiza mutane shi ne na Michael Dibdin, The Last Sherlock Holmes Story, na 1978. Ya ɗauko kashe-kashen matan da aka yi da gaske a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, ya sa Holmes farautar makashin da ake kira Jack the Ripper, daga ƙarshe Watson ya gane cewa mai farautar shi ne makashin. Madaba'ar Oxford ta sauƙaƙa littafin domin masu koyon Turanci, kuma ta nan ya faɗo hannun ƙanena, yana zaton na Doyle ne. Ya same ni da dare fuskarsa a murtuke, ya ce, "Yaya, wai da gaske Holmes ne yake yanka matan nan?" Na yi masa bayani cewa wani ne daban ya rubuta, shekara 48 bayan rasuwar Doyle. Ya ji, amma ya daɗe bai sake taɓa littafin Holmes ba.

Haka masu karatu suka rabu a kan littafin. Wasu sun yaba gwanintar Dibdin, wasu kuwa har gobe cin amana suke kiransa. Fushin masoya Holmes tsohon abu ne. Shi kansa Doyle ya ɗanɗana, lokacin da ya jefa Holmes a magangarar ruwan Reichenbach a Disamban 1893. Wasiƙun ɓacin rai suka yi ta zuwa, har ya dawo da shi a mujallar Strand a 1903.

Masu kare irin rubutun Meyer da Dibdin suna da hujja, domin Doyle ne da hannunsa ya shuka irin. A The Sign of Four na 1890 an nuna Holmes yana yi wa kansa allurar hodar iblis idan babu aiki, Watson yana yi masa faɗa. A labarin Milverton ya fasa gidan mutum da dare, ya ga an yi kisa a gabansa, ya kama bakinsa. Mutum ne mai rauni tun asali, kuma ban ga laifin marubucin da ya tona wannan rauni ba. Littafin Mitch Cullin na 2005, wanda aka mayar fim a 2015 Ian McKellen ya fito a ciki, ya nuna shi yana ɗan shekara 93, yana kiwon zuma a Sussex, mantuwa tana cin basirar da ya yi taƙama da ita. Wannan ma ƙara mini ƙaunarsa ya yi.

Inda na tsaya shi ne amana. Da yawa daga cikin mutanen da ke hawa benen Titin Baker marasa gata ne, 'yan sanda sun gaza musu, sun zo wurin wanda ba zai cuce su ba. A tsufar da shi, a kwantar da shi jinya, duk zan karanta. Amma ranar da aka ba shi wuƙar makashi, an ƙwace wa mai karatu dalilin da ya sa ya buɗe littafin tun farko.

Shi ya sa duk yaron da ya tambaye ni daga ina zai fara, wurin Doyle nake tura shi. Gajerun labarai 56 da dogaye 4 suna nan, tun daga A Study in Scarlet na 1887. Ya fara sanin mutumin da kyau, ya ƙaunace shi kamar yadda muka ƙaunace shi. In ya so daga baya ya karanta Meyer da Dibdin, ya yanke nasa hukuncin da hankalinsa.